Rabon Magani Sai da Ƙidaya: Abin da Tarihin Ibarapa Ya Koya Mana

Yawancinmu a nan Sabo mun san ƙasar Ibarapa ne ta hanyar kasuwa. Daga can ake kawo mana garin rogo, doya, masara da gawayi, can kuma wasu 'yan'uwanmu ke zuwa sayen shanu ko ƙwadagon noma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan yanki na karkara yana daga cikin wuraren da aka fi daɗewa ana bi gida-gida ana ƙirga mutanensu, ana rubuta haihuwarsu da mutuwarsu, a duk faɗin Nijeriya. Tarihin wannan aiki ya haura shekara 60, kuma darasinsa ya shafe mu kai tsaye: ana raba magani da allurar rigakafi ne bisa adadin mutanen da aka rubuta, wanda bai shiga littafi ba kuwa sai dai ya ci albarkacin wani.

Ibarapa tana yamma da Badun, bayan an tsallake kogin Ogun. Manyan garuruwanta bakwai ne: Eruwa, Lanlate, Igbo-Ora, Idere, Ayete, Tapa da Igangan. A yau an raba ta ƙananan hukumomi uku a Jihar Oyo, wato ta Gabas mai hedikwata a Eruwa, ta Tsakiya a Igbo-Ora, sai ta Arewa a Ayete. A ƙidayar 2006 kowace ɗaya ta ɗan haura mutum dubu 100. To amma ba a cikin garuruwan nan kaɗai mutane suke ba. Manomin Bayarabe yakan kasance da gida a gari, yana kuma da bukka a gona inda yake shafe mafi yawan kwanakinsa, sai biki ko salla ko ranar kasuwa su dawo da shi. Ɗaruruwan ƙananan ƙauyukan gona ne warwatse a daji. A tsakaninsu ga rugagen Fulani, waɗanda Yarabawa ke kira gaa, ga 'yan ƙwadago daga Jamhuriyar Benin da Togo da Binuwai, ga kuma namu mutanen, 'yan kasuwa da 'yan cin rani. Duk wanda zai ƙirga irin wannan jama'a, sai ya fara amsa tambaya ɗaya: ina ne gidan mutumin da yake kwana a wuri biyu?

Kafin mu je ga asibiti, bari mu tuna dalilin da ya sa talaka ke gudun mai ƙidaya. A zamanin Turawa, wanda ya zo da littafi yana tambayar mutum nawa ne a gida, haraji yake nema. Wanda ya tambayi yawan shanu, jangali yake nufi. Kakanninmu a Arewa sun san wannan, manoman ƙasar Yarabawa ma sun sani. A 1968 da 1969 ƙauyukan da ke kewaye da Badun suka yi boren Agbekoya saboda nauyin haraji, har suka fasa gidan yarin Agodi. Saboda haka ɓoye kai ba halin wata ƙabila ɗaya ba ne, dabarar kare kai ce da wahala ta koya wa mutane.

Da aka zo zamanin siyasa sai abin ya juye. Yawan jama'a ya zama shi ne yawan kujerun majalisa da kason kuɗi, sai kowane yanki ya shiga ƙara adadinsa. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna kimanin mutum miliyan 30. Ta 1962 aka soke ta saboda gardama, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55 da ɗoriya. Ta 1973 ma gwamnatin Janar Murtala ta soke ta a 1975. A 1991 aka samu kusan miliyan 89, a 2006 kuma miliyan 140. Kun ga ke nan, tsakanin mai ɓoyewa da mai ƙarawa, likitan da yake son sanin yara nawa zai yi wa allura a ƙauye ya rasa adadin da zai riƙe.

Wannan giɓi ne malaman asibitin koyarwa na Badun suka hango. An buɗe asibitin UCH a 1957, yana horar da likitoci a kan gadajen birni, alhali mafi yawan 'yan Nijeriya a lokacin a karkara suke, ba su ma san hanyar asibitin ba. A 1963 Jami'ar Badun, tare da gwamnatin Jihar Yamma da tallafin Gidauniyar Rockefeller, ta kafa shirin kiwon lafiyar al'umma na Ibarapa, aka sa cibiyarsa a Igbo-Ora. Farfesa Theophilus Ogunlesi, ɗan Nijeriya na farko da ya zama farfesan likitanci, shi ne ya fara shugabantar shirin. Tun daga lokacin ɗaliban likitanci na Badun ke zuwa su zauna makonni a Igbo-Ora kafin su kammala karatu.

Aikin bai tsaya a ɗakin duba marasa lafiya ba. An raba garin shiyya-shiyya, aka sa wa gidaje lamba, aka ɗauki ma'aikata 'yan garin suna zagayawa suna rubuta wadda ta haihu da wanda ya rasu. Bambancin wannan da ƙidayar gwamnati a fili yake. Ta gwamnati sau ɗaya take zuwa bayan shekaru masu yawa, baƙo ne ke yin ta, ya tafi ba a sake ganinsa. Wannan kuwa fuskar da aka sani ce ke dawowa, kuma bayan tambaya akwai magani. Ai mutum ba ya ɓoye ɗansa ga wanda ya san zai duba masa shi.

Ba Igbo-Ora ce ta fara irin wannan ba. 'Yan shekaru kafin nan, a ƙauyen Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yanzu, wani likitan yara ɗan Ingila mai suna David Morley, wanda ya zo asibitin mishan na Ilesa a 1956, shi da wata nas Margaret Woodland sun bi ɗaruruwan jarirai tun daga haihuwa, suna auna nauyinsu wata-wata. Suka gano cewa abubuwan da ke kashe yara ba wasu baƙin cututtuka ba ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, tarin shiƙa da rashin isasshen abinci bayan yaye. Suka kuma lura cewa yaron da nauyinsa ya daina ƙaruwa yana cikin haɗari tun kafin ya kwanta. Daga nan aka samo katin awon yara mai layi-layi, wanda uwa ke ajiyewa a hannunta, da ranar asibiti ta musamman don 'yan ƙasa da shekara biyar. Katin nan da matanmu ke sakawa a leda su ajiye a ƙasan akwati, asalinsa daga wani ƙauyen Yarabawa ne, daga baya duniya ta ɗauka.

A Igbo-Ora ƙirgar ta fito da wani abin ban mamaki. Binciken likitoci ya nuna cewa a kowace haihuwa 1,000, kusan 45 tagwaye ne, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai sau da yawa. Mutanen garin na danganta abin da miyar ganyen kuɓewa da suke kira ilasa, har sun mayar da shi biki na shekara-shekara. Mu da muke da namu Hasan da Husaini mun san murnar tagwaye. Amma ga ungozoma, wannan adadi gargaɗi ne. Cikin tagwaye ya fi zuwa da bakwaini, da ƙananan jarirai, da zubar jini bayan haihuwa. Garin da tagwaye suka yi yawa yana buƙatar awon ciki mai kyau, da jinin ƙari, da wanda ya iya tiyata a kusa. Da ba a ƙirga ba, da labarin ya tsaya a hira.

Babban gwajin wannan tsari shi ne kurkunu. Manyanmu da suka taso a ƙauyukan Arewa ba sa buƙatar bayani, amma matasa ba su gan shi ba, alhamdu lillahi. Ana ɗaukarsa ne ta shan ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda fata, galibi a ƙafa, da zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, shi ke nan an shirya wa baɗi. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allura, sai dai a riƙa naɗe tsutsar a tsinke a hankali har makonni. A Arewa ya fi fitowa da damina, a Ibarapa kuwa da rani, lokacin da rafuka suka ƙafe kowa ya koma tafki ɗaya. Garin Idere ya sha fama da shi: manoma a kwance, yara ba makaranta.

A 1988 aka fita neman masu kurkunu ƙauye-ƙauye a duk Nijeriya, aka samu sama da mutum dubu 650. Babu ƙasar da ta kai mu yawa a lokacin. Makaman yaƙin ba su da tsada: ƙyallen tace ruwa, rijiya, maganin da ake zubawa a tafki, da hana mai ciwo shiga ruwan sha. Amma ƙashin bayan aikin shi ne littafi. A kowane ƙauyen da cutar take an naɗa mutum guda da zai riƙa kai rahoto duk wata. Cibiyar Carter ta Amurka ta tallafa, Janar Yakubu Gowon ya zagaya jihohi yana tsima gwamnoni da sarakuna. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a Jihar Inugu, kuma a ƙarshen 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi.

To, a nan ne labarin ya zo inda ya fi shafar mu. A shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Badun, ciki har da William Brieger wanda ya daɗe yana aiki a yankin, suka lura cewa littafin yana da rami. Masu kai rahoto 'yan ƙauyukan Yarabawa ne, jerin ƙauyukan da hukuma ke da shi ma na Yarabawa ne. Rugagen Fulani ba sa ciki, ko da kuwa rugar ta shekara da shekaru a gefen ƙauyen, ko da tafki ɗaya suke sha. Da aka bi rugagen aka samu masu kurkunu waɗanda tsarin bai san da su ba. Haka aka gano a allurar rigakafin yara: 'ya'yan Fulani sun kasance a baya ƙwarai. Ba lallai mugunta ce ta jawo ba. Mai rubutu yana rubuta "mutanen garinmu" ne, baƙo kuwa a ganinsa gobe zai tashi. Shi ma baƙon bai ga dalilin kai kansa ba, ga bambancin harshe, ga tsohon tsoron jangali. Sai dai ita tsutsa ba ta tambayar ƙabila. Mutum ɗaya da aka tsallake ya isa ya sake gurɓata ruwan gari guda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

An sake ganin irin haka a yaƙi da makantar bakin kogi, wadda wani ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa a gefen koguna masu gudu. Tun 1987 kamfanin da ke yin ƙwayar Mectizan yake bayar da ita kyauta. Ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin da ya dace, sau ɗaya a shekara. Amma mai rabon ɗan ƙauye ne, yana karɓo ƙwayoyi daidai da sunayen da ke cikin rajistarsa. Ruga ko sansanin 'yan ƙwadagon da bai shiga rajista ba, ba a ma ɗebo kasonsa daga gari ba, balle a ce an hana shi.

Ƙidaya kan nuna buƙata, amma sai an samu mai biyan ta. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da kuma zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a matsayin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, aka yawaita asibitocin sha-ka-tafi a ƙauyuka. Duk da haka akwai abin da ya fi ƙarfinsu: naƙudar da ta ƙi, gwaiwar da ta shaƙe, karaya, saran maciji. A Eruwa an yi wani likitan tiyata, Dakta Oluyombo Awojobi, wanda ya bar Badun ya koma karkara, ya buɗe asibitinsa a 1986, ya yi aiki a nan har rasuwarsa a 2015. Ya shahara wajen ƙera kayan aikinsa da abin da ke kusa, har injin gwajin jini ya haɗa da ƙafar keke. Ya nuna cewa ana iya yi wa manomi tiyata a kusa da gonarsa, da kuɗin da zai iya biya.

Yau fa, ina aka kwana? Rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ma'aikatan lafiya suna aiki ne da ƙiyasi: a ɗauki adadin 2006, a ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Daga nan a lissafa cewa kashi 4 jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 masu juna biyu. Idan takarda ta ce mazaɓa tana da mutum 10,000, za a shirya wa jarirai 400, yara 2,000 da masu ciki 500. Idan kuwa a zahiri mutanen sun kai 15,000 saboda baƙin da suka shigo daga baya, to allura za ta ƙare kafin layi ya ƙare, kuma a takarda za a ga kamar an yi wa kowa. Wannan shi ne abin da ke faruwa da duk wurin da mutane ke kwararowa, ko ruga ce a Igangan, ko lungu ne a Sabo, Ojoo ko Shasha.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna girman buƙatar. A lokacin, macen karkara na haihuwar kusan 'ya'ya 6 a rayuwarta, ta birni tsakanin 4 da 5. A cikin yara 1,000 da aka haifa a karkara, 157 ba sa kaiwa shekara biyar, a birni kuwa 92. Kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu suka kammala muhimman alluran rigakafi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka yi wa rajistar haihuwa ba su wuce kashi 43 ba, duk da cewa tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa. Wato a lokacin, fiye da rabin yaran ƙasar nan, a idon hukuma, ba a ma haife su ba.

Mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan gari. An kafa Sabo tun 1916, cinikin goro da shanu ya raya ta, akwai gidajen da jikokin jikoki ne ke ciki yanzu. Amma halinmu ya fi kama da na manomin Ibarapa mai gida biyu. Matar aure takan tafi goyon ciki Kano ko Katsina ko Sakkwato, ta dawo da jariri bayan arba'in, ba a rubuta shi can ba saboda za ta koma, ba a rubuta shi nan ba saboda ba nan aka haife shi ba. Allurar farko a can, ta biyu ta bi ruwa. Ɗan cin rani yakan kwana wata shida a shago ko masallaci, babu wanda ya san da shi sai ranar da ya faɗi. A lokacin ƙidaya wasunmu kan cika mota su tafi gida don a ƙirga su a can, alhali a nan za su yi jinya, a nan matansu za su je awo. Ga kuma kunya irin tamu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma idan aka tambaye ta 'ya'ya nawa sai ta tsallake shi, wanda ya rasu kuwa ba a son tayar da zancensa. Al'ada ce mai kyau a muhallinta, amma ita nas ba ta san da ita ba, abin da aka faɗa mata shi take rubutawa.

Rikice-rikicen 2021, na Igangan da na kasuwar Shasha, sun ƙara dagula lamarin. An yi asarar rayuka da dukiya, iyalai sun watse, amana ta yi rauni ta kowane ɓangare. Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya yi ɗari-ɗari da mai littafi. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna cewa ɓoyewa ba ta taɓa kare yaro daga ƙyanda ba. Littafin lafiya ma yana daga cikin 'yan wuraren da maslahar ɗan gari da ta baƙo suka zama abu ɗaya, domin ruwa ɗaya, sauro ɗaya da iska ɗaya muke tarayya a kai.

Abin da ya yi aiki a Igbo-Ora bai fi ƙarfinmu ba: mutumin da aka sani, yana zagayawa a kai a kai, yana rubutawa. Muna da Sarkin Hausawa da masu unguwanni, muna da limaman da ke raɗa suna, muna da ungozomomi da wanzamai waɗanda babu haihuwar da ke wuce su, muna da ƙungiyoyin kasuwa da suka san duk wanda ya sauka. Ranar suna, bayan addu'a, a tambayi uban yaro ko an karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. Mai tafiya wankan jego ta tafi da katinta, ta dawo da na jaririn, a ci gaba daga inda aka tsaya. Maigidan da ke saukar da baƙi ya san adadinsu, ya nuna musu asibitin unguwa. Waɗanda kasuwa ke kai su Eruwa ko Igbo-Ora ko Ayete su isar da wannan magana ga 'yan'uwa a rugage da sansanonin gona, su haɗa shugabanninsu da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma. Ranar da za a yi ƙidayar ƙasa kuma, kowa ya tsaya a ƙirga shi a inda yake kwana.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.